An Aike Mu Khartum, Yau Muna Kiryandongo

Kafin ƙungiyarmu ta mishan ta tura iyali zuwa ƙasar da zaman lafiyarta ba shi da tabbas, akwai takardar da miji da mata suke sa wa hannu. A ciki an rubuta abin da za a yi idan gari ya rikice: wanda zai yanke shawarar a fita, hanyar da za a bi, kuɗin da za a ajiye a hannu, da wanda za a fara kira. Akwai layi ɗaya da ya ce idan mai kula da yankinku ya ce ku fito, to ku fito, ko da zuciyarku tana ce muku ku zauna. Ni da maigidana mun sa hannu a 2021, muka kwashi yaranmu uku muka nufi Khartum.

A lokacin kowa yana ganin ƙofar Sudan ta buɗe ke nan. Bayan Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, gwamnatin Umar al-Bashir ta matsa wa ikilisiya, a 2013 kuma aka kori ma'aikatan bishara baƙi da dama. Sai ga shi an hamɓarar da Bashir a watan Afrilun 2019, a 2020 kuma gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga wanda ya bar addininsa. Ikilisiyar da ta gayyace mu tana buƙatar malami, mu kuwa mun daɗe muna addu'a a kan wannan ƙasa. Ko juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021, wanda ya same mu muna sababbin zuwa, bai sa mun tattara kaya ba. Muka sa kai ga koyon Larabcin Sudan, wanda ya sha bamban da na littafi. Maigidana yana koyar da Littafi Mai Tsarki ga shugabannin ƙananan ikilisiyoyi da yamma, ni kuma ina koya wa mata karatu da rubutu. Yawancinsu 'yan tsaunukan Nuba ne, waɗanda yaƙin baya ya koro zuwa gefen birni. Mun faɗa wa yaranmu cewa nan ne gida har babbarsu ta gama sakandare. Da zuciya ɗaya muka faɗa.

Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023 da safe harbi ya tashi. Mu mun yi Ista mako guda kafin nan, Kiristoci Kibɗawa suna shirin tasu washegari, maƙwabtanmu Musulmi kuma sun shiga goman ƙarshe na azumi. Gidanmu yana kudancin birni, ba nisa da wani sansanin dakarun ɗaukin gaggawa na RSF, waɗanda mutanen gari ke kira Da'ama. Kafin azahar kowa ya ji cewa sojojin gwamnati na Janar Burhan da dakarun RSF na Hemeti ne suka juya wa juna bindiga, filin jirgin sama kuma ya zama fagen fama. Filin nan a tsakiyar gari yake. Hanyar fita ta farko da ke cikin takardarmu ta mutu tun a ranar.

Muka ja katifu zuwa lungun da ba shi da taga. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, ga zafin Afrilu na Khartum da ke haura digiri 40. Wani dattijo maƙwabcinmu, da azuminsa a baki, shi ne yake turo jikokinsa da jarkar ruwa idan harbi ya lafa. Bai taɓa tambayar me ya kawo mu ƙasarsu ba, ko da yake na tabbata ya sani.

Addu'ata a kwanakin nan ta gajarce ƙwarai. Ba na iya haɗa dogon zance, sai dai in ce, “Ya Ubangiji, ka gan mu.” Da dare muna karanta wa yara Zabura. Zabura ta 46 ta zauna mini daidai, domin ba ta ɓoye cewa duniya tana girgiza ba. Ta 91 kuwa ta yi mini nauyi a baki tun ranar da harsashi ya samu wani saurayi a layinmu, ya fita neman burodi. Mahaifiyarsa mai addu'a ce. Na karanta wa yara ita duk da haka, amma na daina yi musu bayaninta kamar alkawari ne cewa ba abin da zai taɓa jikinmu. Na ce musu ko muna raye ko mun mutu, muna hannun Yesu. Autanmu ya ce, “Mama, ni dai na fi son muna raye.” Na ce ni ma haka nake roƙo.

A mako na biyu ƙasashe suka fara kwashe mutanensu. Amurka ta ɗauke ma'aikatan ofishin jakadancinta da jirage masu saukar ungulu, ƙasashen Turai suka koma amfani da filin jirgin soja na Wadi Sayyidna a arewa da Umdurman. Ranar 23 ga wata intanet ta kusa ɗaukewa gaba ɗaya. Da ta ɗan dawo sai saƙon mai kula da yankinmu ya shigo, gajere: ku fito da zarar hanya ta samu.

Maigidana bai yi barci ba a daren. Abin da ke cinsa shi ne maganar Yesu a Yohanna sura 10, game da ɗan ƙodago da yake barin tumaki ya gudu idan ya hango kyarkeci. Ya ce mini, “Maman yara, da wane baki zan sake tsayawa gaban mutanen nan?” Ban da amsa. Na san Yesu ya ce wa almajiransa idan an tsananta musu a wani gari su gudu zuwa wani, na san an zura Bulus cikin kwando ta katangar Dimashƙu. Amma na kuma san Bulus ɗin nan ne ya nace sai ya je Urushalima alhali ana roƙonsa da kuka kada ya je. Littafi Mai Tsarki bai ba mu doka ɗaya da za ta yanke mana wannan ba.

Faston ikilisiyarmu ne ya yanke. Dattijo ne ɗan Nuba, wanda yaƙi ba baƙonsa ba ne. Maigidana ya samu layinsa da ƙyar, ya ce, “Baba, in ka ce mu zauna, za mu zauna.” Sai ya ce masa, “Ɗana, makiyayin garken nan ni ne, ba kai ba. Kai malami ne da aka ara mana. Idan ka zauna, dole mu ciyar da kai, mu ɓoye ka, mu amsa tambaya a kanka a kowane shinge. Gidan da aka san akwai baƙo a ciki, ana zaton akwai dala, shi ake fara fasawa. Ka ɗauki matarka da 'ya'yanka ka rage mana kaya.” Ya tuna masa da 1964, lokacin da gwamnatin Janar Abbud ta kori dukan 'yan mishan baƙi daga kudancin Sudan. Mutane sun ɗauka ikilisiya ta ƙare ke nan, sai ga shi ta yaɗu a hannun 'yan ƙasa fiye da yadda ta yi a da. Maganar ta yi wa maigidana zafi, na gani a fuskarsa. Ba daɗi a ce maka zamanka nauyi ne. Amma gaskiya ce, kuma a ganina duk mai aikin mishan yana buƙatar wanda zai iya faɗa masa irin wannan a fuska.

Hanyoyi huɗu ne a gabanmu. Jiragen Wadi Sayyidna na masu fasfon Turai ne. Arewa zuwa Masar, ta mashigar Arƙin, tafiyar kusan kilomita 1,000 ce cikin hamada, ga labarin mutane sun taru a bakin iyaka ba ruwa ba inuwa. Gabas zuwa Fort Sudan, sai a jira jirgin ruwa zuwa Jidda. Ta huɗu ita ce kudu maso gabas, ta Wad Madani da Gadarif zuwa iyakar Habasha. Ita muka zaɓa, don ta fi kusa da inda muke, kuma ƙungiyarmu tana da mutane a Addis Ababa. Aka sanar da tsagaita wuta ta awa 72 daga 25 ga wata. Harbi bai tsaya ba, amma ya ragu yadda motoci za su iya fita.

Kowa jaka ɗaya. Fasfo, katin rigakafin shawara, takardun haihuwa, takardun makarantar yara, magani, caja. Bankuna a rufe suke, tura kuɗi ta waya kuma sai an yi sa'a, saboda haka kuɗin da takardarmu ta tilasta mana ajiyewa a hannu su suka biya mota, wadda kuɗinta ya ninka sau da yawa. Na raba su kashi-kashi, wasu na ɗinke a cikin rigar autanmu. Aikin da ya fi ɗaukar mana lokaci shi ne share wayoyi. A shinge ana karɓar waya a duba, kuma a namu akwai hotunan baftisma da sunayen mutanen da danginsu ba su san sun bi Almasihu ba. Muka goge komai. Littafin da maigidana yake rubuta sunayen ɗalibansa da buƙatunsu na addu'a, shi da kansa ya ƙona shi a murhu. Abincin da ya rage, da fam ɗin Sudan da ba za mu buƙata ba, da makullin gida, muka aika wa Fasto.

Da yammar da za mu tashi washegari, wata mata daga ajina ta ratso harbi ta zo da 'yarta, sa'ar ta tsakiyarmu. Ta ce, “'Yar'uwata, ki tafi da ita. Ki ce taki ce.” Yarinyar ba ta da fasfo, ba ta da ko takardar haihuwa. Na san ba za a bar mu mu ƙetare iyaka da ɗan wani ba, kuma idan aka tsare ta a can, ta rabu da uwarta ta rabu da mu. Na yi mata bayani, ta gyaɗa kai, ba ta yi mini gardama ba. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Muka durƙusa muka yi addu'a, na ba ta abin da zan iya, ta kama hannun 'yarta suka koma. A daren na gane cewa ɗan littafin nan mai hatimi shi ne ya raba ni da ita. Ba bangaskiya ba ce, domin tata ta fi tawa. Har yau idan wani ya ce mini Allah ya fitar da mu saboda muna yi masa hidima, matar nan nake tunawa. Saƙonta na ƙarshe ya ce sun kai Kosti. Daga nan lambarta ta daina shiga. Kullum ina ambaton sunanta da na 'yarta a gaban Ubangiji.

Tafiyar kanta ba ta da dogon labari. Shingayen Da'ama a bakin gari, samari da bindigogi, wasu ba su girmi babbar 'yarmu da yawa ba. Ƙonannun motoci. Da muka shiga Jazira sai ga mutanen ƙauyuka a bakin titi suna miƙa wa matafiya ruwan sanyi ta taga, ba su karɓar ko sisi. Wad Madani, kimanin kilomita 190 daga Khartum, ta cika maƙil da masu gudu. A Gadarif na ji wani mai shago yana yi wa yaronsa faɗa da Hausa. Akwai Hausawa da yawa a wannan yanki, jikokin mahajjata da manoman da suka zauna a kan hanyar Makka tun zamanin kakanni. Na gaishe shi, ya dube ni ya dubi yara, bai tambayi komai ba sai ya kira matarsa. A ɗakinta muka kwana. A Galabat muka taka ƙafa muka haye 'yar gada zuwa Metema, muka yi zaman jiran izinin shiga cikin rana da dubban mutane, sa'an nan mota zuwa Gondar, jirgi zuwa Addis. Watanni kaɗan bayan haka, a watan Agusta, faɗa ya ɓarke a yankin Amhara, hanyar da muka bi ita ma ta zama abin tsoro.

Na ɗauka idan mun fita an gama. Ashe fita ce mai sauƙin.

A Addis ƙungiya ta haɗa mu da wasu miji da mata waɗanda aikinsu ke nan, zama da ma'aikatan da suka fito daga tashin hankali. Ba wa'azi suka yi mana ba. Sun sa kowannenmu ya ba da labarin tun daga farko, a jere, har da abin da ya ji a jikinsa. Yara aka ba su takarda da fensir. Ta tsakiyarmu ta zana gidanmu da kyanwar da muka bari, ta yi kuka a kan kyanwar fiye da yadda ta yi a kan komai. Matar ta ce mini kada in hana ta, wannan ce asarar da ta yi daidai da girman zuciyarta. Autanmu kuwa da an yi tsawa sai ya shige ƙarƙashin gado. Sun ba mu shawarwari biyu da na riƙe: kada mu yanke wata babbar shawara cikin watannin farko, kuma mu rubuta duk abin da muka rasa, babba da ƙarami, mu kai wa Allah da sunansa. Na ga kamar rashin godiya ne mutumin da ya tsira ya zauna lissafin tukwane. Amma da na fara rubutu sai na ga ba tukwane ba ne. Ajina ne, da harshen da na sha wuya na koya, da matar da nake zato zan zama nan da shekara goma.

Daga nan muka koma gida. Masu aikin mishan irin namu ba albashi suke ci daga wani babban asusu ba. Ikilisiyoyi da ɗaiɗaikun mutane ne suke alkawarin tallafi wata-wata. Dole mu rubuta musu, mu kuma zagaya mu gaya musu inda aka kwana. Wasiƙar nan ta ba mu wuya, domin abin da kowa yake son ji shi ne mataki na gaba, mu kuwa ba mu da shi. Muka rubuta gaskiya: mun fito, ba mu san ranar komawa ba, muna roƙo ku ci gaba da riƙe mu, ku kuma taimaki 'yan'uwan da ke can. Yawanci sun riƙe mu. Wasu sun janye, suka ce sun yi alkawari ne don Sudan, ba don zaman jira ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wani dattijo ya ja maigidana gefe bayan sujada ya ce, “Kada ka damu da masu magana. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.” Ta haka muka san ana magana.

Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne shaida. Ko'ina aka gayyace mu ana so in tsaya in ba da labarin ceto mai ban mamaki, a yi tafi. Allah ya kiyaye mu, ba na musun wannan ko kaɗan, kuma ina gode masa. Amma ba zan iya tsayar da labarin a Metema ba, kamar dai da muka haye gadar nan Allah ya gama aikinsa a Sudan. Sai na riƙa ƙarasa shaidata da labarin Fasto, wanda ya mai da majami'a wurin kwanan waɗanda aka kora daga gidajensu. Wani lokaci ɗakin yakan yi tsit. Na fi son wannan shirun da tafin.

Ranar 11 ga Mayu ɓangarorin biyu suka sa hannu a wata yarjejeniya a Jidda cewa za su kare farar hula. Muka ce watakila kafin damina ta ƙare. Damina ta zo ta wuce. Saƙo ya zo cewa an fasa gidanmu an kwashe har ƙofofi. Kafin ƙarshen shekara yawancin 'yan ikilisiyarmu sun koma Wad Madani, inda ƙungiyoyin agaji ma suka mai da ofisoshinsu. Sai shiri ya fito: maigidana zai shiga ta Fort Sudan bayan Kirsimeti, ya nemi ɗaki a Madani, ya ci gaba da koyarwa, mu kuma mu bi shi idan hali ya yi. Mun yi addu'a da azumi a kan wannan. Ƙungiya ta yarda, Fasto ya yarda, kuɗin tafiya ya samu ta hanyar da ba mu zata ba. Duk alamun da aka koya mana dubawa sun haɗu.

A tsakiyar Disamba Da'ama suka auka wa Wad Madani, cikin kwanaki kaɗan garin ya faɗa hannunsu. Mutanen da suka gudu daga Khartum suka sake ɗaukar kaya.

Wannan ya fi Afrilu yi mini ciwo. A Afrilu yaƙi ne ya same mu. A Disamba kuwa ji na yi kamar na saurari muryar Allah da iyakar hankalina, na bi, sai na ci karo da bango. Na yi kwanaki ba na son buɗe Littafi. Da na buɗe, a Ayyukan Manzanni sura 16 na tsaya. Bulus da abokan tafiyarsa sun so yin wa'azi a Asiya, Ruhu Mai Tsarki ya hana su. Suka juya za su shiga Bitiniya, aka sake hana su. Sai da suka gangara har Taruwasa, bakin teku, inda ƙasa ta ƙare musu, kafin wahayin mutumin Makidoniya ya zo. Na sha karanta wurin nan, amma ban taɓa duba taswira ba sai ranar. Tafiyar ɗaruruwan kilomita ce a ƙafa, kuma duk tsawonta manzo bai san inda za shi ba. Luka bai ce Bulus ya yi kuskure da ya nufi Bitiniya ba, bai kuma ce an yi masa bayani ba. Shafi biyu gaba sai ga Akila da Bilkisu a Koranti, kuma abin da ya kai su can dokar Sarki Kalaudiyas ce da ta kori Yahudawa daga Roma. 'Yan gudun hijira ne su ma, a gidansu Bulus ya sauka. Wannan bai ba ni amsar dalilin da ya sa Madani ta faɗi ba. Abin da ya yi mini shi ne ya cire mini tunanin cewa rufewar hanya alama ce ta Allah ya juya mana baya.

A farkon 2024 mai kula da yankinmu ya zo ya zauna da mu. Bai tambaye mu ƙasar da muke so ba. Ya ce, “'Yata, ɗauko takarda. Mutanenku suna ina yanzu?” Muka fara jerawa: wasu a Fort Sudan, wasu sun koma Kauda a tsaunukan Nuba, wasu a Renk da Juba na Sudan ta Kudu, wasu a Alƙahira, wasu a Yuganda. Majalisar Ɗinkin Duniya tana cewa yaƙin ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, kuma ga shi a kan takardarmu, ikilisiya ɗaya ta watsu a ƙasashe huɗu. Muka bi su ɗaya-ɗaya da tambayoyi marasa daɗin ji: ina za a ba mu izinin zama, ina akwai makarantar yara, ina akwai asibiti, ina akwai ikilisiyar ƙasa da za ta gayyace mu mu yi aiki a ƙarƙashinta. Wasu suna ganin irin wannan lissafi rashin bangaskiya ne. Ni ban yarda ba. Da addu'a muka fara, da addu'a muka rufe, a tsakiya kuma muka yi amfani da hankalin da Allah ya ba mu.

Yuganda ce ta rage. Ita ce ƙasar da ta fi kowace a Afirka karɓar 'yan gudun hijira, fiye da miliyan ɗaya da rabi, dokarta ta 2006 kuma ta ba su damar yin aiki da zirga-zirga. Sababbin zuwa daga Sudan ana tura su matsugunin Kiryandongo, a kan hanyar Kampala zuwa Gulu. Maigidana ya fara zuwa shi kaɗai ya gani. Sai wasiƙar gayyata daga wata ikilisiya a can, sai neman izinin aiki, sai izini daga Ofishin Firaminista, wanda shi ke kula da harkar 'yan gudun hijira, domin ba a shiga matsuguni a fara aiki haka kawai. Sai kuma wata sabuwar wasiƙa zuwa ga masu tallafa mana. Kowane mataki ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka ce.

Kafin mu amsa, mun zauna da yara. Babbarmu, wadda ta rasa shekarar karatu guda da dukan ƙawayenta, ta ce, “Baba, zan je. Amma don Allah kada ku sake ce mini nan ne gida har na gama makaranta.” Maigidana ya yi shiru, sa'an nan ya ce ta yi gaskiya. Tun daga ranar abin da muke yi musu alkawari ya canja. Muna cewa za mu faɗa musu gaskiya da wuri, za a ji ra'ayinsu, kuma duk inda za a je tare za a je. Sauran kuwa, yadda Yakubu ya koyar a wasiƙarsa, sai in Ubangiji ya yarda.

Muna zaune a Bweyale, garin da ke bakin matsugunin. Mutanen da muka tarar ba irin waɗanda aka saba gani a sansani ba ne. 'Yan birni ne: malaman jami'a, likitoci, ma'aikatan banki, ɗaliban da yaƙi ya katse wa karatu, an ba kowa ɗan fili da leda ya kafa tanti. Yawancinsu Musulmi ne, ƙalilan Kirista. Larabcin da na yi kuka a kansa a Addis, ina cewa na koya a banza, shi ne abin da aka fi nema a wurina. Ina raka mata asibiti in yi musu tafinta, ina koyar da Turanci domin da shi ake karatu da neman aiki a nan. Idan na ce musu a kudancin Khartum nake, na kuma fita ta Madani a makon da suka fita, sai zaman ya canja. Ba sa yi mini bayanin ƙarar jirgin yaƙi. Wasu sukan ce in yi musu addu'a, wasu ba sa so, kuma ina yi wa kowa tafinta daidai. Maigidana yana koyar da ƙaramin aji a nan, sauran ɗalibansa na da kuma yana aika musu darasi ta WhatsApp, a saƙon murya, zuwa Juba da Alƙahira da duk inda layi ya kai. Abinci yana ƙaranci a matsugunin tun da aka rage tallafi, kuma akwai ranakun da abin da ake roƙona ya fi ƙarfin abin da ke hannuna nesa ba kusa ba.

A watan Janairun 2025 sojoji suka karɓe Wad Madani, a watan Maris kuma suka karɓe tsakiyar Khartum. Fasto ya koma ya duba majami'a. Bango yana nan, kujeru da wayoyin wuta da rabin rufi babu. Maigidana ya tambaye shi ko lokaci ya yi. Ya ce, “Tukuna, ɗana. Babu ruwa, babu makaranta, yaƙi kuma bai ƙare ba. Ka ci gaba da koya wa yaran nan, su za su riga ka dawowa.” Ƙungiya ta tsai da cewa idan hanya ta ƙara daidaita, mutum biyu za su shiga ta Fort Sudan ba tare da iyali ba, su gani da idonsu su kawo rahoto, kuma maigidana yana cikinsu. Mun sabunta izinin zamanmu a Yuganda. Babbarmu ta yi rajistar jarrabawarta a nan, saboda haka ni da yara ba za mu motsa ba sai ta rubuta.